Ila Mai Teku

Ranar Talata da hantsi, cikin daminar 1894, aka zo a guje aka kira Ila daga bukkarsa ta bayan garin Ollelewa, a ƙasar Damargu.

Ruwa ya kwana yana zuba. Tafkin gabas ya cika har ya haɗiye hanyar gonaki, kuma Raliya, bazawarar da ke maƙwabtaka da shi, ta zame garin tsallakawa. Tana can tsakiya rungume da reshen bagaruwa, ruwa iya wuya.

"Taso, Mai Teku! Yau ranarka ce."

Duk Damargu ba mai iya iyo sai shi, kowa ya san haka. Shekara tara ke nan da ya bi ayarin gashin jimina mai zuwa Tarabulus ta bakin teku. Bayan shekara uku ya dawo, ya tarar matarsa ta rasu, gonarsa ta koma hannun wasu. Bai zo da komai ba sai katantanwa guda da labari.

Da labarin yake samun mutane. Ranar kasuwa sukan kewaye shi su ji yadda ruwa ke tasowa kamar garu, yadda raƙuma suka sha har suka ƙoshi, yadda yakan nutse ya daɗe har a cire rai da shi. In kasuwa ta watse, ya koma bukka shi kaɗai. Raliya ce kawai ke kawo masa fura, ta zauna ta kara katantanwar a kunnenta.

Tafkin garin kuwa bai taɓa shiga ba. "Ni da na shiga teku, in koma wannan laka?" yakan ce.

A bakin ruwa ya tsaya ya daɗe. Sannan ya ce a kawo igiyar guga, ya ɗaura a ƙugu.

"Mai Teku da igiya?" in ji Gajere mahauci.

"Ta Raliya ce."

Ya shiga da ƙafa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Daga nan suka ga yana dukan ruwan da hannu biyu, kansa na ɓacewa yana fitowa. Mata suka yi guɗa, wai haka ake yi a Tarabulus.

Ya cafko reshen, reshen ya yi ƙara. Ya kwance igiyar, ya ɗaura wa Raliya a ƙarƙashin hammata.

"Malam Ila, kai fa?"

"Je ki. Ki riƙe mini katantanwata."

Maza suka ja ta har tudu. Tana cikin aman ruwa reshen ya karye, Ila ya nutse.

Wani ya nannaɗe igiyar zai jefa, Gajere ya riƙe masa hannu. "Kada ka kunyata shi, mutum. Bar shi ya nuna mana."

Suka zauna a gaɓa suna jira, kowa na nuna inda yake zaton zai ɓullo. Har aka kira azahar.

Ranar Alhamis ruwa ya janye, aka same shi a gindin bagaruwar. Madugu Manzo na Damagaram, wanda hanya ta biyo da shi garin a ranar, ya tsaya sallar gawa, ya dubi fuskar ya gane ta. Shi ne jagoran ayarin da Ila ya bi, shi ya faɗa musu cewa zazzaɓi ya kayar da Ila tun a Agadas, can ya yi shekara ukun yana kiwon raƙuma, a kasuwar garin ya sayi katantanwar, kuma bai taɓa ganin teku ba.