Hoton Cocin Maƙwabciyarmu

Ina ƙarama a unguwar Flatbush a Amurka, maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar Haiti. Wata rana da la'asar ta ara mini hoton babban cocin Katolika na birninsu, in nuna wa Inna. Ta ce a ciki aka ɗaura aurenta, kuma fitilar hasumiyarsa ce ke nuna wa jiragen ruwa hanya.

Kawu Sale, ƙanin Inna, ya fizge hoton daga hannuna.

"Coci a gidan Musulmi?" Ya yaga shi biyu.

Ni aka aika in mayar. Tsohuwar ta haɗa ɓarin biyu a tafin hannunta, ta ce, "Shi kaɗai na fito da shi."

Kawu ya rasu, ina yi masa addu'a. Amma wannan yagar, har yau ban yafe ba.