Wanzamin da Ya Je Neman Laƙani Wurin Mai Dabo

Sallau, sati uku kacal ka yi a ajin yaƙi da jahilci, har ka fara cewa ka tsufa, alƙalami ba ya zama a hannunka. Gyara zama in ba ka labarin wani wanzami, don ni raki ba ya burge ni.

Wanzamin nan gidaje ya gada daga ubansa, kamar yadda wani ke gadon gona. Duk jaririn da aka haifa a gidajen, shi ke yi masa askin suna, haka kuma kakansa ya yi wa kakanninsu. Kwatsam ya faɗi a babur, hannunsa na dama ya shanye, ko moɗa ba ya iya riƙewa. Gidajen suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ana kiran wani wanzami daga ƙauyen gaba. Ya rage saura gidan wani tsoho mai sayar da goro, wanda matar ɗansa ke da ƙaramin ciki. In wannan ma ya tafi, zabirar gidansu ta mutu a hannunsa ke nan, kuma tunanin haka ya hana shi jin daɗin tuwo.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar, ya tarar da mutane sun yi da'ira suna ta ƙyaƙyata dariya. Wani mai dabo ne a tsakiya, siriri, da wata hula da ta fi ƙarfin kansa. Ya zaro ƙwai daga kunnen wani dillali, ya tambaye shi tun yaushe ya fara saka bai sanar da iyali ba. Ya karɓi zoben wata mai fura ya ɓatar, ta kama rigarsa tana zagi, sai ga zoben cikin ludayinta. Kowa na riƙe da ciki, ban da wanzami. Shi hannuwan yake kallo, har ya yanke a ransa cewa wannan ba aikin mutum ba ne, akwai asiri. Da aka watse ya sayi jan zakara, ya bi mai dabo bayan rumfa, ya durƙusa, ya roƙe shi laƙanin da ke sa hannu ya yi biyayya.

Mai dabo ya dubi shanyayyen hannun, ya daina wasa. Ya ce, "Baba, da ina da aljani, ai da ba ka same ni ina shan rana a kasuwa ba." Sai ya maimaita dabon ƙwan a hankali. Hannun dama yana sama yana rawa don idon jama'a ya bi shi, baki yana zuba barkwanci, hagu kuwa ita ke yin aikin duka. Ya ce, "Kuma ba bahago aka haife ni ba. Shekara biyu ina fasa ƙwai, har matata ta kai kajinta ajiya gidan uwarta." Ya mayar masa da zakaransa, ya danƙa masa balan-balan cike da hannu, irin waɗanda yake wasa da su, ya ce ya hura, ya shafa musu sabulu, ya aske su da hagu.

Wanzami ya koma gida ransa a ɓace, don laƙani ya je nema aka haɗa shi da kayan wasan yara. Amma da gari ya waye ya wasa askarsa, ya matse balan-balan tsakanin gwiwoyi. Aska na taɓa ta, ta fashe, kumfa ta wanke masa gemu. Ta biyu ma haka. Maƙwabta suka riƙa jin tas, tas, kowace safiya, har aka fara raɗe-raɗin ciwon ya hau kansa. Ya ji, ya ci gaba da aikinsa. Da balan-balan ɗin suka ƙare ya sayo wasu. Ya yanke cinyarsa sau biyu, wuyan hannunsa ya kumbura, matarsa ta gasa masa da ruwan zafi ya koma. A wata na uku ya aske guda ba ta fashe ba, ya zauna yana kallonta yana hawaye. A wata na biyar yana aske goma a jere. Daga nan ya koma kan ƙaninsa, wanda ya zauna yana ta salati har aka gama.

Matar ɗan mai goro ta haihu. Ranar suna da sassafe wanzami ya isa ƙofar gidan da zabirarsa, ba wanda ya aika masa, ya tarar da wanzamin ƙauyen gaba ya riga shi zama. Bai yi gardama ba, gaisuwa kawai ya yi ya tsaya. Tsoho mai goro ya daɗe yana dubansa, sannan ya cire hularsa ya ce, "Fara da ni." Ya aske shi tas da hagu, ko ƙwarzane babu. Tsoho ya shafa kansa, ya ce a miƙo jaririn. Aka miƙo shi yana barci, aka mayar wa uwarsa shi yana barci.

Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.