Maƙogwaron Tukunyar Gumi

Tururi na tsartuwa daga bututun tukunyar gumi, ma'aikata sun watse, shinkafar da aka jiƙa ta fara tsami. Shafi'u, sabon manajan wani injin shinkafa a Tambuwal, ya san in ta lalace aikinsa ya tafi. Ga maigida yana Sakkwato, wayarsa a kashe.

Aka kashe wuta, aka kira Sidi mai walda. Ya duba wata gaɓar ƙarfe mai ninki-ninki a jikin bututun, da suke kira maƙogwaro, wadda ke miƙewa idan bututu ya ɗau zafi don kada ya tsage.

"Maƙogwaro lafiya lau, manaja. Bakin da aka ɗaure da noti shi ka yoyo. In na sake ɗaurewa, gobe ma sai kun kira ni. In na liƙe da walda an gama, amma ba shi ƙara fita sai an yanka, in an yanka kuwa sai bola."

"Liƙe shi. Ni aikin har abada nika so."

Sidi ya liƙe baki biyun. Yoyo ya tsaya, shinkafa ta tsira, Shafi'u ya saya wa kowa lemo.

Ana cikin sha wani dattijo ya tsai da babur, ya sauko da sifana a hannu.

"Salamu alaikum. Daga Kebbe nike. Alhaji Mutawakkil ya aiko ni in kwance maƙogwaron da ya ara wa maigidanku. Ya ce noti ne kawai, ko zama ba sai na yi ba."

Sidi ya fara naɗe wayar waldarsa.