Vodka da Lemon Zaƙi

Arkadi ya dawo daga ramin kwal na Karaganda, inda ake tonon ɗansu Gleb da ƙasa ta rufta wa, bai ce wa matarsa Zinaida uffan ba. Ya wuce kicin, ya matse lemon zaƙi a kofi biyu, ya tsiyaya giyar vodka, ya ɗiga zuma. Haɗin da Gleb ke yi musu ranar murna.

Hankalinta ya ɗan kwanta.

"Tsohon nan, shirunka ya kusa kashe ni. Sun fito da shi ke nan?" Ta ɗauki kofinta, ta miƙo. "Kawo naka mu gwara kofuna don murna. Ai a al'adarmu mamaci ne kawai ba a gwara wa kofi."

Arkadi ya dubi kofinta. A hankali ya janye nasa.