Ranar da Depite Ya Zo Rijiya

Da depite ya sauko daga motar kwamanda, Banasaren da ke mulkin yankinmu, ni na miƙa masa ƙwaryar ruwa, yadda ake tarbar baƙo a ƙasarmu ta Ayar. Ɗan ƙanena ne. Mu muka jefa masa ƙuri'a ya zama konseye, wato wakilinmu a majalisar Yamai, sannan depite a majalisar Paris, don ya hana Nasara masu haƙar dutse ƙwace mana rijiya.

Na ce, "Sha, ɗana. Raƙumanmu suna jiran bakinka."

Ya ce, "Baba, an gama magana. Gobe za a kewaye rijiyar da waya."

Ya leƙa ƙwaryar, ya yatsine fuska. Sai ya duƙa, ya wanke takalminsa da ruwan, ya miƙo mini ita.

Na janye hannuna. A kan dutse ta fashe.