Koren Tabo a Farcen Mai Zoɓo

Tunda kin ce ranki bai kwanta da abokiyar zamanki a wurin aiki ba, zauna in ba ki misalin wata mata, ki auna da kanki.

Matar nan zoɓo da kunun aya take yi na sayarwa, kullum hannunta a ruwa, ko tana jiƙa aya ko tana wanke robobi. Wani biki ya zo daidai tana fashin salla, ta shiga shagon kwalliya aka yi mata jan farcen nan da ake kira jel, wanda ake shafawa a tura yatsu cikin 'yar fitila mai shuɗin haske har ya daskare kamar tangaran. Ya karɓe ta ƙwarai. Maƙwabciyarta, wadda suke cefane tare tun suna amare, ta kama hannun ta juya shi a rana, ta ce, "Wannan farce naki kamar a lashe," ta yi dariya ta saki. Daga nan abin ya shiga ran mai zoɓo, duk wata sai ta je an yi mata. Mai shagon ta gaya mata in za ta cire ta dawo a jiƙa shi ya saki da kansa. Amma ranar da ta yi tsarki alwala ba ta jira, shagon kuma da nisa, sai ta sa bakin reza ta ɗaga gefe, ta ƙarasa ɓantarewa da haƙori. Duk ɓantara tana tafiya da ɓawon farcen. Faratan suka yi fari, suka yi kaushi, suka koma kamar ɓawon albasa. Kunyar ganinsu ta sa in wata ya zagayo sai ta je a sake rufe su. Ran nan ta ɓare na babban yatsa ta ga kore a ƙasa kamar gansakuka. Kafin mako naman gefen ya kumbura yana zogi. Wani mai sayen zoɓonta ya dubi yatsan, ya dubi robar da ta miƙa masa, ya ce yau ba ya jin ƙishi.

A nan ta fara lissafin mutane. Ta tuna ranar da maƙwabciya ta juya mata hannu, ta tuna ba ta ce tubarkalla ba. Ta ce a ranta, kambun baka ne. Daga ranar komai na matar ya canza kama a idonta. In ta leƙo ta ce yaya ciniki, sai mai zoɓo ta ji kamar gatse. In ta yi shiru, mai zoɓo ta ce ai ta san abin da ta shuka. Maƙwabciyar ta kawo mata man kaɗanya don ta shafa, ta karɓa da yatsa biyu, matar tana fita ta jefa a kwata. Tuwon da maƙwabciyar ta aiko mata ta zuba wa kaji, ta tsaya bakin akurki tana jiran ta ga wadda za ta fara layi. Kajin suka cinye suka ci gaba da tonon ƙasa, ta ce to ba don kaji aka yi shi ba. Akwai wata dillaliya da ke shiga gidajen biyu da atamfofi, ita ta lura an daina dariya ta kan katanga. Ta zauna ta ja mai zoɓo da hira har ta amayar da abin da ke cikinta, dillaliyar ta gyaɗa kai ta ce ita ma dama ta ga take-taken matar. Ta naɗe kayanta ta shiga ɗaya gidan ta juye komai, har da maganar kaji. Maƙwabciyar ba ta zo faɗa ba. Ta daina leƙowa kawai.

Da yatsan ya fara fitar da mugunya mijinta ya kai ta asibiti. Likitar fata ta shimfiɗa hannayen biyu a kan tebur, ta duba faratan ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ta da me take cire jel. Ta faɗa. Likitar ta nuna mata inda farcen ya rabu da nama, ta ce ta nan ruwan aikinta ya shiga ya kwanta, ƙwayar cuta ta samu ɗaki mai dumi a rufe. Ta ba ta magani, ta ce ta bar faratan a buɗe su sha iska, ta sa safar roba in za ta taɓa ruwa, ta riƙa shafa musu mai. Sannu a hankali sabon farce ya turo koren har ya kai baki aka yanke. Da ta warke ta ɗaura mayafi ta shiga maƙwabta ban haƙuri. Matar ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ba a ɗaki ba, ta kawo mata ruwa, ta saurare ta har ta gama, ta ce, "Ba komai, ya wuce." Har yau suna gaisawa in sun haɗu a hanya. Cefane kuwa kowa da tata ranar, dillaliya kuma tana nan tana shiga gidajen biyu.

Don haka kafin ki ɗora wa wata laifin ciwonki, duba abin da kika ɓantare da hannunki. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.