Ɗan Dokin da Ya Faɗa Kwazazzabo

Birkin keke bai kama da wuri ba. Kubat ya sha kwanar gangaren da gudu, sai ga garken dawaki sun cika hanya. Suka watse, amma wani ɗan doki da ƙafarsa ba ta gama ƙwari ba ya ja da baya, ƙasa ta zame da shi, ya faɗa kwazazzabo. Kubat ya leƙa, ya ga ƙafafu suna harbin iska, can kuma suka daina. Uwar ta tsaya a bakin ramin tana haniniya.

Ya duba gabas, ya duba yamma, babu makiyayi. Sai ya hau kekensa ya ƙara gaba.

A duwatsun Narin kowa ya san darajar doki. Ka taka mutum zai yafe maka, amma ka kashe masa ɗan goɗiya ka gudu, to har jikokinka sai an yi musu gori. Kubat ɗan birni ne, amma jininsa na nan ne, ya san haka sarai. Shi da ƙaninsa Ermek suka taso daga Bishkek da kekuna da tanti, suna neman sabuwar hanyar da za su riƙa bi da baƙi masu yawon keke. Da sassafe suka rabu don su gwada hanya biyu. Ermek ya bi bakin kogi, shi kuma ya hau tudu, a kan za su haɗu a gadar Kara-Suu kafin faɗuwar rana. Yanzu burinsa ɗaya ne: ya fice daga kwarin nan kafin mai dawakin ya gane an rage masa ɗaya.

Da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta katse, ta sake kira. Ya tuna ya bar lambarsa a gidan da suka kwana, matar gidan kuwa bakinta ba ya riƙe magana. Ya kashe wayar, ya cusa ta can ƙasan jaka.

A ƙauyen farko mata suna shanya busasshen cuku a kan rufi. Suna hango shi hannayensu suka tsaya. Wani mutum mai doguwar farar hula ya fito da sauri ya tare tsakiyar hanya.

"Kai ne Kubat? Sauko, ɗan'uwa, mu shiga ciki ka taɓa gurasa."

A ƙasar nan ba a ƙin gurasa, ko maƙiyi ne ya miƙo sai ka gutsura. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wa ya gaya wa mutumin nan sunansa? Kubat ya kauce masa ya danna feda, yana jin ana ta ƙwala masa kira a baya, bai waiwaya ba.

Ba a jima ba ya hango mahayi a kan tudu yana sukuwa, yana bin sa daidai wa daida, yana kaɗa hula. Tsoro ya kama shi sosai. Ya bar babbar hanya ya faɗa turbar awaki, inda doki ba ya iya gudu. Ya tura keken, ya saɓa shi a kafaɗa, ya ratsa rafi mai sanyin da ke shiga ƙashi. Da ya ji ƙarar mota sai ya laɓe a bayan dutse. Wata tsohuwar farar mota ta wuce a hankali, maza sun leƙo da kawunansu ta taga suna duba kowane lungu. Ya zauna a nan har suka tafi suka dawo suka sake tafiya, yana yaba wa kansa wayo.

Sai dai babu hanyar gada sai ta ƙauyen Ak-Terek. Da la'asar ya gangaro, wandonsa a jiƙe, gwiwarsa na jini. Maza suna tsaye a jere a bakin hanya. Wannan karon babu mai gudu, babu mai kira. Wata mata ta gan shi, ta ja ɗankwali ta rufe bakinta.

Wani tsoho mai farin gemu, Toktosun, ya tako ya dafa kan keken. Bai riƙe da ƙarfi ba, amma Kubat ya san gudu ya ƙare.

Aka shigar da shi wani gida, aka zaunar da shi a ƙuryar ɗaki, wurin da ya fi nisa da ƙofa. Dattawa suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna zama a kewaye da shi. Aka zuba shayi, babu wanda ya sha. Babu kuma wanda ya yarda ya haɗa ido da shi. Ta bayan bango yana jin wasu suna kafa tantin gashin tumaki a tsakar gida, suna magana ƙasa-ƙasa.

Shirun ya fi ƙarfinsa.

"Baba, ni ne, ba zan yi musu ba. Birki ne ya ƙi kamawa. Ku kira mai ɗan dokin, duk abin da ya yanke na yarda."

Toktosun ya dubi dattawan, suka dube shi.

"Wane doki kuma, ɗana?"

Tsohon ya matso ya kama hannayen Kubat biyu. Ya ce a ƙasar nan ba a jefa wa mutum mugun labari yana kan hanya, sai an saukar da shi ya zauna, shi ya sa babu wanda ya faɗa masa da ihu. Sannan ya ce:

"Dutse ne ya gangaro wa ƙaninka a hanyar kogi, muka ɗauko shi da ransa. Tun hantsi muke bin ka, da waya, da doki, da mota. Yana ɗakin can yana ta tambaya ko yayansa ya iso, har bayan azahar, sannan ya daina tambaya."